Tarihin Askin Fuska da Kayan Aski

Askin fuska shi ne aske ko rage gashin gemu, saje, ƙasumba da gashin baki. Tsohuwar al'ada ce, kuma tarihinta na tafiya ne tare da tarihin ƙarfe: duk lokacin da maƙera suka samu ƙarfe mai kaifi da araha, sai aski ya ƙara sauƙi. Shekaru aru-aru aikin yana hannun masu sana'ar aski. Sai a ƙarni na 20 reza ta mayar da shi abin da mutum zai yi wa kansa a gida.

Zamanin da

Kafin a san ƙarfe, mutane sun yi amfani da ƙanƙarar dutse mai kaifi da ɓawon katantanwar ruwa wajen aske gashi ko tsige shi. A tsohuwar Masar an samu asake na tagulla a cikin kaburbura, waɗanda suka haura shekara 4,000. Masarawa sun ɗauki aski a matsayin tsabta, har limaman gumakansu kan aske jikinsu baki ɗaya. Duk da haka Fir'aunoni kan ɗaura gemun ƙarya a haɓa a matsayin alamar sarauta, har sarauniya Hatshepsut ma an sassaƙa gumakanta da shi.

Girkawa sun daɗe suna tsayar da gemu. A ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Iskandar Mai Girma ya riƙa aske fuskarsa, kuma marubutan dā sun ce ya umarci sojojinsa su yi haka don kada abokan gaba su damƙe su ta gemu. A birnin Rum, masu aski sun zo daga tsibirin Sisili wajen shekara ta 300 kafin haihuwar Annabi Isa, shagunansu kuma suka zama majalisar hira. Gemu ya sake samun daraja a can zamanin sarki Hadrian, wanda ya yi mulki daga 117 zuwa 138 bayan haihuwar Annabi Isa.

Addini da mulki

A Musulunci, hadisai ingantattu sun yi umarni da a rage gashin baki a bar gemu, kuma an lissafa hakan cikin sunnonin fiɗira. Mabiya addinin Sikh masu kiyaye dokokinsa ba sa yanke gashinsu ko kaɗan. Masu mulki ma sun sa baki: a 1698 sarkin Rasha Peter Mai Girma ya ɗora haraji a kan gemu domin ya sa manyan ƙasarsa su yi kama da Turawan yamma.

Zamanin aska

Aska mai naɗewa cikin ƙota ta bunƙasa a garin Sheffield na Ingila tun ƙarshen ƙarni na 17. A shekarun 1740 Benjamin Huntsman ya gano hanyar narka ƙarfe mai tsabta wanda ke riƙe kaifi, sai Sheffield da Solingen ta Jamus suka zama cibiyoyin ƙera aska. Matsalar aska ita ce tana buƙatar gwaninta: a wasa ta a dutse, a goga ta a fata, sannan a riƙe ta daidai, in ba haka ba ta yi yanka. Shi ya sa yawancin maza ke zuwa wurin mai aski. A shekarun 1760 wani maƙerin wuƙaƙe Bafaranshe, Jean-Jacques Perret, ya yi wa aska kariyar katako don rage yanka. A 1880 'yan'uwan Kampfe na birnin New York suka yi rajistar wata aska mai kariya, amma ita ma sai an riƙa wasa ta.

Fitowar reza

King Camp Gillette, wani ɗan tallan kaya Ba'amurke, shi ya zo da tunanin ƙarfe siriri mai baki biyu da za a yi aski da shi a jefar idan ya dakushe. Injiniya William Nickerson ya ƙera injin da ya iya yin sa, aka kafa kamfani a Boston a 1901. A 1903 sun sayar da mariƙin reza 51 da reza 168 kacal, amma a shekarar da ta biyo baya mariƙan da aka sayar sun haura 90,000. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙarasa aikin. Takunkumin kariya daga iskar guba ba ya zama daidai a fuska mai gemu, don haka rundunar Amurka ta raba wa sojojinta kayan askin Gillette kusan miliyan 3.5. Da suka koma gida, sun riga sun saba da yi wa kansu aski kullum.

Daga nan gasa ta ɓarke. Kamfanin Wilkinson Sword ya fitar da reza wadda ba ta tsatsa a 1962. Gillette ya kawo mai baki biyu jere, Trac II, a 1971, sai Mach3 mai uku a 1998, daga baya Fusion mai biyar. Kamfanin Bic na Faransa ya fitar da ta roba wadda ake jefarwa gaba ɗaya a 1975. A 2005 kamfanin Procter & Gamble ya sayi Gillette a kan dala biliyan 57.

Injinan lantarki da kumfa

Leo Wahl ya ƙera kilifar lantarki a jihar Illinois wajen 1919. Jacob Schick, tsohon hafsan sojan Amurka, ya fara sayar da injin aske gemu ba ruwa ba sabulu a 1931, sannan kamfanin Philips na ƙasar Holan ya fitar da nasa mai kai zagayayye a 1939. A ɓangaren jiƙa gashi, da farko sabulu ake kaɗawa da buroshi a kofi. Kamfanin Barbasol ya kawo man aski mai shafawa a 1919, kumfar gwangwani kuma ta bayyana a 1949.

A ƙasar Hausa

A ƙasar Hausa aski aikin wanzami ne, kuma yawanci gadonsa ake yi. Wanzami yana yawo da zabira ɗauke da asake da maƙeran gida suka ƙera, da dutsen wasa, da fata, da ƙaho. Yakan jiƙa gashi da ruwa da sabulu, ya aske kai ƙwal, ya gyara saje da gemu, ya rage gashin baki. Sana'ar ta wuce aski: shi ke yin askin jariri ranar suna, da kaciya, da ƙaho, da cire beli, da tsagar gado a da. Shugaban wanzamai a masarauta shi ne Sarkin Aska. Reza ta shigo da kayan Turawa a zamanin mulkin mallaka, daga baya shagunan aski na zamani suka cika birane da kilifa da janareta. Waɗannan sun ɗauke wa wanzami yawancin matasa, amma ba su taɓa ayyukansa na suna da kaciya da ƙaho ba, don haka har yanzu yana da wuri a gari da ƙauye.

Lafiya

Maza masu murɗaɗɗen gashi, musamman baƙar fata, sun fi fama da ƙurajen aski, domin gashin da aka aske ƙasa-ƙasa yakan lanƙwashe ya koma cikin fata. Likitoci kan ba da shawarar rage gashi da kilifa maimakon askewa tas, ko bin kwanciyar gashi wajen aski. Haɗa aska ko reza da wani na iya yaɗa ciwon hanta nau'in B da C da cutar ƙanjamau. Saboda haka wanzamai da yawa sun koma amfani da sabuwar reza ga kowane mutum, wasu maza kuma kan je shagon aski da kilifarsu.