Tarihin Farar Giyar Tsofaffin Itatuwan Inabi a Afirka ta Kudu

Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga hannun wani manomi kuma ɗan kasuwa, wanda ya ce wai ya ji ana cewa a Afirka ta Kudu akwai farar giyar da ake haɗawa daga tsofaffin itatuwan inabi, kuma ta fi ta sababbi tsada. Yana so ya san asalin abin.

To malam, sanin kowa ne giya haramun ce a Musulunci, amma labarin gonakin nan na manoma ne, don haka ga amsa.

Turawan Holan ne suka kai inabi yankin Kef. Shugabansu Jan van Riebeeck ya dasa shi a 1655, aka matse giyar farko a 1659. Bayi ne suka yi wahalar gonakin har aka hana bauta a 1834. A 1886 wani ƙwaro mai cin saiwa ya afka wa gonakin, dole aka sake dashe.

A 1918 manoman suka kafa ƙungiyar haɗin kai mai suna KWV saboda inabi ya yi kwantai. Daga baya ita ke yanke farashi, kuma daga 1957 ita ke ƙayyade yawan da kowa zai noma. Shi manomi a kan nauyi ake biyansa, ba a kan kyau ba. Ka kuwa san itace in ya tsufa 'ya'yansa raguwa suke yi. Saboda haka da yawa suka riƙa tumɓuke tsofaffi suna dasa sababbi. Waɗanda suka tsira, inabinsu a cikin na kowa ake juye shi.

An soke ƙayyadewar a 1992, mulkin wariyar launin fata ya faɗi a 1994, kasuwannin duniya suka buɗe. Sai wasu matasa masu sana'ar suka shiga yankin Swartland, arewa da birnin Kef, wuri mai zafi da ƙarancin ruwa. Can suka tarar da tsofaffin itatuwa da ba a yi musu ban ruwa. Saiwarsu ta yi nisa cikin ƙasa, suna jure fari, 'ya'yan kaɗan ne amma ɗanɗanonsu ya fi ƙarfi. Ashe da tsohuwar zuma ake magani.

Ɗaya daga cikinsu, Eben Sadie, ya fara yin wata farar giya mai suna Palladius a 2002. Ana ce mata fara ne don ruwan inabin kawai ake tsimawa, ban da ɓawo. Haɗin kuma shi ne a gauraya iri daban-daban: wani ya kawo tsami, wani ƙamshi, wani kauri. Jigon haɗin shi ne irin Chenin Blanc, ɗan asalin Faransa, wanda manoman Kef suka daɗe suna kira Steen.

Wata mata, Rosa Kruger, ta bi gonaki tana rubuta inda tsofaffin suke. Daga aikinta aka kafa shirin Old Vine Project a 2016. Gonar da ta kai shekara 35 ana ba ta shaida, a manna wa kwalba tambari mai ɗauke da shekarar dashe. A Franschhoek har da itatuwan da aka dasa a 1902.

Amma fa malam, tambari ba ya ciyar da iyali. In mai saye bai ƙara farashi yadda zai rufe ƙarancin amfanin ba, manomi tumɓukewa zai yi, kuma itacen da aka cire yau sai an jira shekara 35 kafin a sami madadinsa. Wannan shi ya sa take da tsada.

Da fatan mai tambaya ya gamsu. Sai mun ji daga gare ku.