Ƙura da Injin Mota: Tarihin Filtar Iska

Duk wanda ya dubi al'amarin injin mota da idon basira zai tarar cewa, ko da yake fetur kaɗai mai mota yake biya wa kuɗi, kuma a kansa kaɗai yake lissafi, abin da injin ya fi ci nesa ba kusa ba shi ne iska, domin kafin lita guda ta fetur ta ƙone sarai sai ta gauraya da iskar da ta kai kimanin lita 9,000. Iskar nan kuwa daga bakin hanya ake zuƙo ta, tare da dukan abin da tayoyin motar gaba suka tayar. Galibin ƙura rairayi ne da ya niƙu, mai tsananin tauri, wanda idan ya kutsa tsakanin fistin da bangon silinda, ya cakuɗu da baƙin mai, sai ya dinga cin su kamar yadda magagari yake cin ƙarfe a maƙera, har ƙarfin injin ya ragu, ya kama shan mai, salansa ta soma fitar da shuɗin hayaƙi.

Maƙeran farko, tun daga motar da Karl Benz ya yi wa rajista a Jamus a 1886, ba su ba wannan mas'ala muhimmanci ba, saboda hankalinsu ya tafi ga yadda injin zai tashi ya yi tafiya. Manoma ne suka fara ɗanɗana kuɗarsu, domin tarakta a cikin ƙurar da ta tayar da kanta take wuni. A 1915 wani Ba'amurke, Frank Donaldson, wanda ke sayar da taraktoci, ya je duba ta wani manomi a jihar Utah wadda ta yi ta mutuwa a gona, ya gane ƙura ce sanadi, sai ya haɗa keji na waya, ya lulluɓe shi da ƙyalle mai laushi, ya ɗaura a bakin da injin yake shaƙar iska. Daga wannan ɗan ijtihadi aka kafa kamfanin da har yau yake ɗauke da sunansa a Minnesota.

Hikimar da ta biyo baya, wadda ta yi mulki tun daga shekarun 1930 har zuwa na 1960, ita ce filta mai kwanon mai, kuma lalle ta cancanci a tsaya a kanta. Tukunya ce ta ƙarfe a bisa kafireta, a gindinta akwai baƙin mai zuwa wani layi da aka shata. Iska takan gangaro da gudu ta nufi man, sa'an nan a tilasta mata ta juya sama farat ɗaya; ita iska, da yake ba ta da nauyi, sai ta juya, amma ƙwayar ƙura sai nauyinta ya rinjaye ta, ta faɗa cikin man ta nutse, wadda ta tsira kuma sai ta maƙale a dunƙulen waya mai jiƙe da mai da ke sama. Babu abin saye face ɗan mai da kananzir na wanki. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu hamadar Libiya da Masar ta koya wa sojoji darajar tace iska, har Ingilishi suka liƙa wa jiragensu na yaƙi, Hurricane da Spitfire, babbar filta ta kamfanin Vokes a ƙarƙashin hanci, suka yarda gudun jirgi ya ɗan ragu muddin injin zai yi ƙarko. Da yawa daga jiragen da aka kai fagen nan a Takoradi aka harhaɗa su tun daga 1940, suka bi ta Kano da Maiduguri da Khartum kafin su isa Masar.

Ƙasarmu kuwa Allah Ya ajiye ta a bakin wannan hamada. Kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, tsohon gindin tafki ne da ya ƙafe, yana cikin wuraren da suka fi ko'ina tayar da ƙura a duniya, kuma iskar hunturu takan kwaso ta ta watsa mana daga Nuwamba zuwa wajen Maris. Direbobin manyan motocin da suka yi jigilar gyaɗa da auduga a kan hanyoyin burji sun san haka tun ba a rubuta musu ba, shi ya sa a wancan zamani yana cikin farillan yaron mota ya kwance tukunyar nan, ya zubar da man da ya zama taɓo, ya wanke wayar, ya zuba sabo.

Daga ƙarshen shekarun 1950 filtar takarda ta fara ture mai kwanon mai. Takarda ce ta musamman da aka nannaɗe lanƙwasa bisa lanƙwasa, domin shimfiɗa mai faɗi ta shiga ƙaramin akwati; tana kama ƙura mafi laushi, ko injin yana gudu ko yana tsaye yana aiki a hankali, alhali mai kwanon mai sai iska ta yi ƙarfi take cika aikinta. Sharaɗinta guda ne: ba a wanke ta, idan ta cika sai a jefar a sa sabuwa.

A nan ne, a ganina, al'ada ta riga ilimi. Motoci sun yawaita a hannun jama'a bayan da aka fara harhaɗa Peugeot 504 a Kaduna a 1975, sa'an nan darajar naira ta faɗi daga 1986, kayan gyara suka yi tsada, motocin Kwatano suka cika gari. Sai kanikawa da yawa suka ci gaba da yi wa takarda hukuncin da suka gada game da tukunya, wato a wanke a mayar. Wani ya buga ta a jikin taya, wani ya kai wa mai faci ya hura ta da iska mai ƙarfi, wani ya tsoma ta a fetur, wani ma ya cire ta ɗungurungum wai don injin ya sami numfashi. Ban ga laifin talaka ba idan ya nemi sauƙi, domin larura ce ta kai shi; abin da ke damuna shi ne taƙalidin da ba a binciki illarsa ba, saboda filtar da ta ɗan yi ƙura tana nan tana tacewa, har ma ta fi sabuwa kama ƙananan ƙwayoyi, amma wadda hurawa ta yaga, ko da hujin bai fi tsinin allura ba, ta buɗe wa rairayi ƙofa kai tsaye zuwa silinda, kuma kuɗin sauke injin ya ninka kuɗinta sau da yawa.

Haka nan wajen zaɓe. Mai saye a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna ya kamata ya tafi da tsohuwar ko lambarta, ya auna, ya duba yawan lanƙwasar da kaurin takardar, musamman ya matsa robar gefen ya ji ko tana da taushi, domin jabu galibi a nan asirinta yake tonuwa, kuma iska ba ta bin takarda matuƙar ta sami tsaga a gefe. Irin filtar auduga mai ɗan mai da kamfanin K&N ya shahara da ita tun 1969 ana wanke ta, sai dai in man ya yi yawa yakan ɓata na'urar auna iska da ke motocin zamani. Littattafan motoci sukan ambaci kilomita 15,000 zuwa 30,000 a matsayin wa'adin canza filta, amma sukan yi togaciya cewa a rage wa'adin a ƙasa mai ƙura, don haka mai hankali yakan duba tasa a tsakiyar hunturu da kuma ƙarshensa. Idan an buɗe akwatin, a goge cikinsa da ɗanyen tsumma kafin a sa sabuwa, sa'an nan a zura yatsa cikin bututun da ya wuce filtar zuwa injin. In yatsan ya fito da ƙura, to, filtar ta yage ko robarta ba ta zauna daidai ba, kome kyawun da take da shi a ido.