Wasiƙa daga Alƙahira: Asibitin Sarki Ƙalawun da masu shanyewar ɓarin jiki

 

A tsohuwar Alƙahira, kan titin Mu'izzu, akwai sauran wani asibiti da ake kira Bimaristan na Mansuri. Bimaristan kalmar Farisa ce, wato gidan marasa lafiya. Sarki Mansur Ƙalawun ne ya gina shi, an fara a 1284 aka gama a 1285. An ce kafin ya hau mulki ciwon ciki ya kwantar da shi a Sham, aka warkar da shi da magungunan asibitin Nuruddin na Dimashƙa, sai ya yi bakance zai gina irinsa a Masar. Ya cika kuwa, amma da tilas: Maƙrizi ya ruwaito har masu wucewa ake tsayarwa su ɗauki dutse, abin da ya sa wasu malamai suka ƙyamaci salla a wurin.

An ware ɓangaren zazzaɓi, da na ido, da na fiɗa, da na mata, kuma ba a karɓar ko sisi. Babban likitan nan Ibn Nafis, da ya rasu a 1288, ya bar wa asibitin gidansa da littattafansa. Likitocin zamanin sun san cutar da muke kira shanyewar ɓarin jiki. Faɗuwar farat ɗaya suna ce mata sakta, mutuwar ɓarin da ke biyo baya kuma falij.

Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne takardar waƙafin. Ba ta tsaya ga wanda ke kan gado ba. Ta yi tanadin a kai wa talakawa marasa lafiya magani har gidajensu, wanda ya rasu kuma a yi masa likkafani. Ku kwatanta da asibitin Ahmad ɗan Ɗulun, wanda ya riga shi da shekara kusan 400: can in majinyaci ya iya cinye kaza da gurasa, to ya warke, a ba shi kayansa ya tafi. Ga mai zazzaɓi wannan gwaji ya yi. Mai falij fa? Zai cinye kazar tas, alhali hannu bai ɗaguwa, harshe bai saki ba. Jinyarsa ta gaske sai ya koma gida take farawa.

Shi ya sa, Yaya, da kuka tambaye ni batun kawo Kawu nan, na ja ƙafa. Allurar narkar da gudan jini cikin awa huɗu da rabi na farko take aiki, ta wuce mu tuni. Abin da ya rage watanni ne na gashi da motsa gaɓoɓi, da koyon magana da haɗiya, da juya shi kada baya ya yi gyambo, da shan maganin hawan jini ba fashi. Kuɗin jirgi da na haya a nan zai biya mai gashi ya riƙa zuwa gida na tsawon lokaci, a kuma samu mai karɓar Inna ta huta.

Yawancin ginin Ƙalawun ya rushe, a harabarsa yanzu asibitin ido ne. A gaida Kawu, Allah Ya ba shi lafiya.