Yadda Madatsun Ruwa Suka Raba Gardamar Masunta

Daga cikin hikimomin da Allah Ya sanar da ɗan Adam wajen neman abin da ke cikin ruwa, akwai wata wadda ta sha bamban da su na taru da homa da muka saba gani wurin Sarkawa, ita ce yaudarar kifi da ƙwaron ƙarya, wato a naɗa zare da gashin tsuntsu a jikin ƙugiya har su ɗauki siffar ƙwaro, a jefa, kifi ya cafka bisa zaton ya sami kalaci. Wanda aka fi nema da wannan dabara shi ne turawut, wani kifi mai ɗige-ɗige a jiki, wanda ba ya rayuwa sai a ruwa mai sanyi da tsabta, irin na ƙoramun Turai da Amurka.

Asalin sana'ar ya daɗe, domin tun wajen shekara ta 200 Miladiyya wani malamin Rum mai suna Iliyan ya ba da labarin mutanen Makidoniya waɗanda ke naɗa jan ulu a ƙugiya, su haɗa da gashi biyu na wuyan zakara, su kama kifi da shi. A 1496 kuma aka buga wata risala a Ingila wadda ta lissafa ƙwarin ƙarya 12, kowanne da watan da ya dace da shi. Amma ba a shiga zurfin mas'alar ba sai a ƙarshen ƙarni na 19, sa'ad da Frederic Halford, ma'abocin su a kogin Test, ya wallafa littafinsa na 1886, ya kafa ƙa'ida cewa mai mutunci ba ya jefa ƙwaro sai wanda zai yi iyo a bisa ruwa, kuma ba ya jefawa sai ga kifin da ya gani da idonsa ya taso yana ci. Almajiransa suka riƙi wannan magana tamkar nassi, har ta zama mazhaba, duk wanda ya saɓa mata a ce ya zo da bidi'a.

Wanda ya fito da ihtilafi shi ne wani lauya, George Skues, mai su a kogin Itchen. Shi hujjarsa daga cikin kifin ya ɗauko ta, domin yakan zura ɗan siririn cokalin ɓargo ta bakin kifin da ya kama, ya kwaso abin da ke tumbinsa, ya juye a farin faranti da ɗan ruwa, sai ya tarar galibin abin da kifin ya ci tsutsotsin ƙwari ne waɗanda ba su kai ga yin fiffike ba. Ya bayyana ra'ayinsa a littafinsa na 1910, cewa tun da kifi a ƙarƙashin ruwa yake yawancin kiwonsa, to hankali ya hukunta a kai masa koto can. Aka yi ta muhawara shekara da shekaru, har a 1938 aka yi zama a ƙungiyar masunta ta Landan, mabiya Halford suka rinjaye shi da yawa, dattijon ya bar kogin da ya shafe fiye da shekara 50 yana su a cikinsa. Daga baya Frank Sawyer, mai gadin kogin Avon, ya ƙago tsutsar ƙarya daga siririyar wayar tagulla da gashin wutsiyar wani tsuntsu dangin fakara, wadda ke nitsewa da nauyin kanta.

Hukuncin da ya warware mas'alar bai zo daga masunta ba, daga injiniyoyin Amurka ya zo, alhali kuwa su ba kifi ne a gabansu ba, lantarki da ban-ruwa da tsare ambaliya suke nema. Suka gina madatsar Bull Shoals a kogin White a 1951, da ta Navajo a kogin San Juan a 1962, da ta Flaming Gorge a kogin Green a 1964. Sababin abin da ya biyo baya shi ne, ruwan tafki mai zurfi yakan kasu hawa-hawa, mai ɗumi a sama, mai sanyi a ƙasa, kuma daga ƙasan ake sakinsa. Sai ya fito da sanyi a tsakiyar bazara, ba ya daskarewa da hunturu, ga shi garau saboda laka ta kwanta a tafkin. Kogunan da dā masu ɗumi ne suka koma mazaunin turawut, gansakuka ta yaɗu, ƙananan ƙwari dangin sauro suka riƙa ƙyanƙyashewa duk shekara, kifi ya yi ta ƙiba, har a 1992 aka kama wani mai nauyin fiye da kilo 18 a ƙarƙashin madatsar Greers Ferry ta jihar Arkansas.

A irin wannan ruwa kifi ba shi da bukatar tasowa sama sai nadiran, saboda abinci na zuwa masa har baki, kuma yawan ganin masunta ya sa shi wayo. Saboda haka abin da ake fara koya wa sabon shiga a yau karatun Skues ne. Akan ce masa ya ɗaga dutse ya duba abin da ke manne a ƙarƙashinsa kafin ya zaɓi koto. Ya ɗaura tsutsar ƙarya wadda ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, baƙin zare da farar waya da ɗan dutsen ado a ka, ko kuwa jar tanar ƙarya da ake jinginawa ga kogin San Juan, ko tsutsar Sawyer. Ya yi amfani da zare siriri ƙwarai, ya matse 'yar dalma don koton ya kusanci ƙasa, ya sa ɗan abu mai iyo a sama wanda zai nuna masa in kifi ya taɓa. Babban sharaɗi kuwa shi ne koton ya tafi daidai da tafiyar ruwa, ba tare da igiya ta ja shi ba, don da zarar ya yi saurin da ya saɓa wa ɗabi'a, kifi zai kauce. Kuma akan gargaɗe shi ya lura da tashin ruwa, domin in an buɗe injinan lantarki kogi kan cika cikin ɗan lokaci.

Sai dai adalci ya wajabta a faɗi abin da aka biya. A 1962 an zuba guba a kogin Green da rassansa tsawon fiye da mil 400 domin a kawar da kifayen da ke ciki a share wa turawut wuri, kuma wasu jinsunan asali na kogunan yankin Kolorado, waɗanda Allah Ya halitta su don ruwan ɗumi mai laka, sun ƙaranta har sai da hukuma ta sa su cikin waɗanda doka ke karewa. Madatsun sun tabbatar da hujjar Skues, sun kuma ba masunta ni'imar da kakanninsu ba su gani ba, amma kifayen da suka gaji kogunan su ne suka ɗauki hasarar.