Arlit: wa ke jagoranci, wa ke sanar da jama'a idan hatsari ya auku?

Arlit, mai tazarar kimanin kilomita 240 arewa da Agadez, gari ne da haƙar uraniyom ta kafa. Kamfanin SOMAÏR ya fara haƙa a 1971, COMINAK kuma a 1978 a Akokan, kafin a rufe shi ranar 31 ga Maris 2021.

Hatsarurrukan da garin ya gani

Ranar 16 ga Satumba 2010, mayaƙan AQMI suka sace mutum bakwai masu alaƙa da kamfanonin Areva da Satom. Huɗun ƙarshe ba su kuɓuta ba sai a Oktoba 2013. Ranar 23 ga Mayu 2013, mota ɗauke da bam ta tarwatse a masana'antar SOMAÏR, a safiyar da aka kai wa barikin soja na Agadez irin wannan hari. Akwai kuma hatsarin da ido ba ya gani: tururin uraniyom da ke cikin ƙura, da ruwa, da tsoffin ƙarafan ma'adinai da aka sayar a kasuwa.

Wa ke riƙe da ragama?

A tsarin mulkin Nijar, gwamnan jihar Agadez ne wakilin gwamnati, sai prefe a gundumar Arlit, sannan hukumar gari. Ceto aikin jami'an kare fararen hula ne da 'yan kwana-kwana, masu lamba 18. Cikin harabar ma'adinai kuwa, kamfani ke da asibiti, da na'urorin awo, da yawancin bayanai. A nan gizo ke saƙar: wanda ya fi sanin girman hatsarin shi ne wanda za a iya tuhuma a kansa.

Yadda labari ya fito

Batun tururi ya fito fili ne ta hannun ƙungiyar farar hula Aghirin'man, wadda Almoustapha Alhacen, ma'aikacin SOMAÏR, ya jagoranta. Ita ta gayyato masanan CRIIRAD daga Faransa a 2003. A Nuwamba 2009, awon Greenpeace ya nuna tururi mai yawa a wasu titunan Akokan, bayan an ce an tsabtace su. Daga nan kamfanin ya sake aikin sharewa. Alhacen ya samu lambar yabo ta Nuclear-Free Future a 2017.

Abin da sanarwa ke bukata

Masana harkar agajin gaggawa sun yi ittifaƙi kan abubuwa uku: a yi magana da wuri, ta baki ɗaya da aka sani, a kuma faɗa wa mutane abin da za su yi, kamar rijiyar da za su daina sha. A Arlit hakan na nufin sanarwa da Hausa da Tamashek, ta rediyo, masallatai da masu unguwanni, don takardar Faransanci ba ta kai wa kowa.

Tun da gwamnati ta mayar da SOMAÏR mallakar ƙasa a Yuni 2025, nauyin awo da na sanar da jama'a duka sun koma wuyanta.