Iyafis Ɗinka Yana Mutuwa Lokacin Haɗa Shi Da Waya? Ga Tarihin Matsalar



Ka kunna iyafis ko hedifon ɗinka mara igiya, fitilarsa ta fara ƙifta ja da shuɗi, ka buɗe Bluetooth a wayarka. Kafin sunansa ya fito, ko kana danna sunan kenan, sai ɗif, ya mutu. Ka sake gwadawa, haka dai. A nan mutane da yawa suke cewa jabu ne ko ya lalace, su jefar, su sake kashe kuɗi. Dakata tukuna. Wannan matsalar ta girmi iyafis ɗin da ke hannunka da fiye da shekara 20, kuma idan ka san inda ta samo asali za ka san inda za ka fara dubawa.

A shekarar 1994, a garin Lund na ƙasar Suwidin, kamfanin Ericsson ya sa wani injiniya ɗan ƙasar Holan mai suna Jaap Haartsen ya ƙirƙiro ɗan ƙaramin rediyo da zai maye gurbin igiyar da ke tsakanin waya da kayan da ake jona mata. A 1998 kamfanoni biyar, wato Ericsson, Nokia, IBM, Intel da Toshiba, suka haɗa kai a kan wannan fasaha, a 1999 suka fitar da ƙa'idarta ta farko. Sunan kuwa Jim Kardach na Intel ne ya kawo shi, daga laƙabin wani sarkin Denmak na ƙarni na 10, Harald Bluetooth, wanda ya haɗa kan ƙabilun ƙasarsa. Tambarin nan da kake gani a saman wayarka haruffan H da B ne na tsohon rubutunsu aka haɗe.

Sharaɗin da aka gindaya tun farko shi ne rediyon ya zama mai araha, mara cin batir, na gajeren zango kamar mita 10. Yana aiki a zangon 2.4 GHz, yana tsalle tsakanin tashoshi 79 har sau 1,600 a daƙiƙa ɗaya. To na'urori biyu da ba su taɓa sanin juna ba, kowacce tana nata tsallen, ya za a yi su haɗu? Dole ɗaya ta yi ta kira, ɗayar ta yi ta kasa kunne. Wannan shi ne yanayin haɗi, lokacin da fitila take ƙiftawa. Kuma yana jan batir fiye da zaman jira na yau da kullum. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A shekarar 2000 Ericsson ya fara sayar da iyafis ɗinsa na Bluetooth na farko, HBH-10. Abu ne da ake maƙalawa a kunne, ba fuska, ba wurin jera maɓallai. Shi ya sa masu ƙera irinsa suka saba ɗora ayyuka da yawa a kan maɓalli ɗaya: kunnawa, kashewa, amsa kira, da shiga yanayin haɗi. Bambancin kawai tsawon lokacin da ka danne. Har yau haka abin yake a yawancin hedifon da na rataya wuya. Idan abin yana kunne ka danne maɓallin, abin da ka gaya masa shi ne ya mutu, kuma zai yi biyayya. A yawancinsu sai yana kashe za ka danne, ka ci gaba da riƙewa bayan ya kunnu, har fitila ta sauya ƙiftawa.

Daga wancan zamanin aka gaji wani abu kuma: agogon kashe kai. Tunda neman waya yana cin batir, sai aka tsara cewa idan 'yan mintuna suka wuce bai samu wayar da zai haɗu da ita ba, ya kashe kansa. Idan ka kunna shi sannan ka tsaya lalube a saitin, lokacin yana tafiya.

Sai batun mabuɗi. Waɗanda suka yi zamanin tura waƙa da hoto ta Bluetooth a Nokia za su tuna yadda ake buga lamba iri ɗaya a wayoyi biyu. Iyafis kuwa tunda ba shi da madannai, lambarsa kusan kullum 0000 ce ko 1234. A 2007 sigar Bluetooth 2.1 ta sauƙaƙa haɗin, aka daina neman lambar a yawancin na'urori. Amma mabuɗin sirrin bai tafi ko'ina ba, ɓoyewa ya yi. Duk lokacin da aka yi haɗi, waya da iyafis kowanne yana ajiye kwafinsa. Idan ɗaya ya goge nasa, ɗayan yana riƙe da tsoho, sai waya ta yi sallama da mabuɗin da ya daina aiki, iyafis ya ƙi buɗe ƙofa, agogonsa ya cika, ya mutu. Haka nan idan tsohuwar wayar da ya sani tana kusa kuma Bluetooth ɗinta a kunne, can zai ruga, ba zai saurari sabuwar ba.

Babban sauyi ya zo a watan Satumban 2016, lokacin da Apple ya fitar da iPhone 7 ba tare da ramin iyafis ba, ya kuma gabatar da AirPods. Daga nan kamfanoni manya da ƙanana suka bi sahu, har 'yan ƙananan nan masu akwati suka cika kasuwanninmu. Wannan ya ƙaro matsaloli biyu.

Na farko batir. Wayarka tana iya ɗaukar 5,000 mAh, amma batirin kunne ɗaya yawanci tsakanin 30 ne zuwa 50. Batirin litiyom yana cika a bolt 4.2, idan ya sauko kusan 3 na'urar takan yanke wuta don kare shi. Idan ya tsufa, ko ya sha zafin rana da na cikin mota, zai nuna maka ya cika, amma da zarar an ɗora masa nauyi sai ƙarfinsa ya zube. Ka tuna mun ce neman waya yana jan wuta? Ga fitila, ga muryar da ke sanar da haɗi. Shi ya sa yake mutuwa daidai wannan lokacin.

Na biyu akwatin. Yanzu shi ne makunni: ka ciro su kunnu, ka mayar su mutu, ta hanyar 'yan ƙarafan nan na caji. Gumi, dattin kunne da ƙurar hunturu suna rufe ƙarafan, sai kunne ɗaya ya kwana a akwati bai sha caji ba. Kuma a wasunsu dole kunnuwan biyu su fara haɗuwa da juna kafin su nemi waya. Idan ɗaya ba wuta, haɗin yakan watse.

To ga yadda za ka bi su, daga na kyauta zuwa na kuɗi:

1. Goge ƙarafan caji na iyafis da na akwati da auduga da ɗan sifirit. Kar ka kankare da allura.
2. Yi wa akwatin caji da su a ciki har ya cika, sannan ka cire caja. Hedifon da yawa ba sa yin Bluetooth suna kan caji.
3. Kashe Bluetooth na duk wata waya ko kwamfuta da ya taɓa haɗuwa da ita.
4. A wayarka ka nemo tsohon sunansa, ka danna Forget ko Unpair.
5. Mayar da shi yadda ya fito daga kamfani. Kowanne da hanyarsa, ka duba takardar cikin kwalinsa.
6. Buɗe shafin Bluetooth a waya tukuna, sannan ka sa shi a yanayin haɗi, yana dab da wayar.
7. Idan ya ƙi, gwada da wata wayar.

Ka lura da lokacin da yake ɗauka kafin ya mutu, don shi ne shaidarka. Idan sai bayan mintuna, kuma kullum tsawon lokacin iri ɗaya ne, agogo ne ya cika, ka koma kan lamba 3 zuwa 6. Idan cikin daƙiƙu kaɗan ne, a kowace waya, bayan cikakken caji, to batir ne.

Hedifon babba da na rataya wuya ana buɗe su a sauya batir, kuma sau da yawa ya fi sayen sabo sauƙi. 'Yan ƙananan kuwa manne su ake yi da gam, buɗe su kan fasa su, don haka ka fara jin kuɗin aiki ka kwatanta da farashin sabo. Idan kuma ka ga akwatin ya kumbura ko yana zafi sosai a caji, ka daina jona shi, kar kuma ka sa shi a kunne.

Mu haɗu a darasi na gaba.