Cajin mota mai lantarki da gurup: yadda ake yi da abin da yake ci

Ana iya cajin mota ko babur mai lantarki da injin janareta, wanda aka fi sani da gurup. Tambaya ce da ke tasowa a Nijar saboda yawan ɗaukewar wuta. Kafin 2023 kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da NIGELEC ke rabawa daga Najeriya take zuwa, kuma a watan Agustan shekarar, lokacin takunkumin CEDEAO, an yanke ta na tsawon watanni. Sai dai cajin yana da sharuɗɗa, yana da tsada.

Ƙarfin injin

Wayar cajin da ke zuwa da yawancin motoci tana jan amfiya 10 a kan volt 220, wato kilowat 2,2, awa bayan awa ba hutawa. Ba a son gurup ya daɗe yana ɗauke da fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa, don haka ana bukatar mai kilowat 3 zuwa sama. Batiri mai kilowat-awa 40 zai kai awa 20 kafin ya cika. Na babur, wanda yawanci bai wuce kilowat-awa 2 zuwa 4 ba, ƙaramin inji ma ya ishe shi.

Dalilin da mota ke ƙin caji

Dalili na farko shi ne wuta mai hawa da sauka. Cajar motar tana son wuta daidaitacciya, kuma gurup mai invata ne ya fi ba da ita. Na biyu shi ne wayar ƙasa: caja da yawa sai sun tabbatar tana nan kafin su saki wuta, alhali ƙananan injuna da dama ba a haɗa musu ita ba. Wannan aikin ƙwararren mai gyaran wuta ne. Kuskure a nan yana iya sa wuta ta kama wanda ya taɓa jikin motar.

Lissafin mai

Ƙaramin gurup yana fitar da kilowat-awa 1,5 zuwa 2 daga litar esans ɗaya. Mota mai lantarki kuwa tana cin kilowat-awa 15 zuwa 20 a kilomita 100. Ke nan kusan lita 10 za a ƙona, alhali ƙaramar mota mai esans tana yin wannan tafiyar da lita 6 ko 7. Babban gurup mai gazuwal ya fi sauƙi, don yakan ba da kilowat-awa 3 ko fiye a lita. Duk da haka wutar NIGELEC ko ta hasken rana ta fi araha nesa ba kusa ba.

Abin kiyayewa

A ajiye gurup a fili, nesa da ƙofa da taga. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar guba marar launi marar wari, mai kashe mutum cikin barci. A tayar da inji ya daidaita kafin a jona mota, a cire motar kafin a kashe shi, kar kuma a zuba mai yana aiki. Siririyar wayar ƙari tana ɗaukar zafi har ta narke. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a Maraɗi, Damagaram da Tawa, gara a yi caji cikin inuwa ko da dare.

Gurup na ranar da wuta ta yanke ne. Wanda zai dogara da shi kullum, abin da ya yi tattali wajen barin esans zai mayar da shi cikin tankin injin.